Gansakuka a garake da wuraren renon iri: abin da ya kamata manoman rani na Kore Mairuwa su sani

Gansakuka ita ce koren abin nan mai santsi da ke fitowa a kan ruwan da ya kwanta, da jikin basan na siminti, da bakin rijiya, da cikin tiyo, da kuma saman ƙasar ledar dashe. A garaken Kore Mairuwa da sauran garuruwan kwarin Dallol Mawri, manoma da yawa ba su ɗauke ta a bakin komai ba, tun da ba ta cin ganye kamar tsutsa ko fara. Sai dai ita ce ke toshe ramukan tiyon ɗigo, ta hana ruwa ratsa ƙasar reno, ta tara ƙwarin da ke cin saiwa. Wani irinta ma yakan kashe dabba idan ta sha ruwan. Ga bayani kan asalinta, da ɓarnar da take yi, da yadda ake maganinta.

Mece ce gansakuka?

Da suna ɗaya Bahaushe ke kiransu, amma masana tsirrai sun raba su gida-gida, kuma sanin bambancin yana da amfani, domin kowanne da maganinsa.

Na farko shi ne mai zare-zare kamar gashi, wanda ke taruwa curi-curi a saman ruwa. Idan aka sa sanda aka ɗaga, sai ya biyo ta kamar jiƙaƙƙiyar auduga. Ba shi da guba, amma shi ne gwanin toshe bakin injin ban ruwa.

Na biyu ƙananan halittu ne da ido ba ya ganin ɗaya-ɗayansu. Su ne ke mayar da ruwan basan kore shar kamar an zuba masa kuka, su ne kuma ke yin santsi a bango.

Na uku shi ne mai kore da ratsin shuɗi, wanda masana ke kira siyanobakteriya. Asalinsa ba tsiro ba ne, dangin ƙwayoyin bakteriya ne. Yakan kwanta a saman tafki kamar an malala fenti, iska ta tura shi gefe ɗaya, ya riƙa wari. Sanda ba ta ɗaga shi, tarwatsewa yake yi. A cikin wannan gida ne ake samun masu guba.

Na huɗu shi ne mai laushi kamar karan-miski, wanda ke fitowa da damina a gindin bango mai inuwa, da cikin bakin rijiya, da saman tukunyar dashen da ta daɗe. Wannan ƙaramin tsiro ne marar fure, kuma bai cika yawa a ƙasar Arewa ba saboda bushewar iska, sai inda ake zuba ruwa kullum a cikin inuwa.

Kada a haɗa su da kainuwa ko bado. Waɗannan tsirrai ne sosai, masu ganye da saiwa. Haka kuma jan kumfa mai kama da tsatsa da ake gani a tiyon wasu rijiyoyin burtsatse ba gansakuka ba ne, alama ce ta ƙarfe a cikin ruwan.

Dalilin yawanta a Dallol Mawri

Kore Mairuwa ƙaramar hukuma ce ta karkara a jahar Dosso, a kan babbar hanyar RN1 tsakanin Dosso da Dogon Dutsi. A da tana ƙarƙashin gundumar Dogon Dutsi, sai a shekarar 2011 aka kafa gundumar Tibiri, ta koma cikinta tare da Dumega da Gesheme. Dallol Mawri tsohon kwarin kogi ne da ya daina gudu tun zamani mai nisa, amma ya bar ruwa kusa a ƙarƙashin rairayi. A fadamu, mita kaɗan ake haƙawa a tarar da shi. Wannan ne ya sa noman rani ya kafu a yankin: albasa, tumatir, shu, salati, tattasai, rogo, zogale, rake, da dankalin turawan da Dogon Dutsi ta yi suna a kansa.

Ruwa ba ya tsami banza. Abu huɗu gansakuka ke bukata: haske, ruwan da ba ya motsi, ɗumi, da abinci. Ukun farko ba su da wuyar samu a nan, musamman daga Maris zuwa Mayu lokacin da zafi kan haura digiri 40. Abincin kuwa manomi ne ke kai mata da hannunsa. Sinadaran azot da fosfor da ke cikin ure da takin 15-15-15 da kashin dabbobi, waɗanda ke ciyar da albasa, su ne dai ke ciyar da ita. Duk wanda ke jiƙa taki a cikin basan, ko yake tsoma butar ban ruwa mai ragowar taki, ko ya tara takin gargajiya a bakin rijiya, ya shirya mata liyafa.

Sauyin hanyar ban ruwa ma ya ƙara mata wurin zama. Lokacin da ake jan ruwa da guga a zuba kai tsaye a fangali, ruwa ba ya kwana a fili. Yanzu injin fetur ko famfo mai aiki da hasken rana ne ke cika basan ko tanki, ruwan ya wuni ya kwana a rana. Tun farkon shekarun 2000 cibiyar ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yaɗa tsarin garka mai ban ruwa na ɗigo-ɗigo, inda ruwa ke gangarowa daga basan da aka ɗaga kamar mita ɗaya. Tsarin yana rage ɓarnar ruwa ƙwarai, amma ramukan da ruwan ke fita ba su kai milimita ɗaya ba, don haka ɗan abu kaɗan ke toshe su.

Ɗakin renon tsiro na leda ko gilashi, irin wanda ake kira serre da Faransanci, bai yawaita a yankin ba. Abin da aka fi gani shi ne rumfar raga ko ta zana da ake renon irin tumatir da shu a ƙarƙashinta, da wuraren renon itatuwa a cikin baƙar leda. Matsalar dai ɗaya ce, sai dai ta fi tsanani inda aka rufe ko'ina iska ba ta shiga.

Ɓarnar da take yi

A wurin reno, gansakuka tana shimfiɗa kore a saman ƙasa. Idan ta bushe sai ta zama ɓawo mai tauri. Ruwa ya riƙa zamewa ta gefe, iska ta kasa kai wa saiwa, ƙananan iri kamar na salati da albasa su kasa huda ɓawon. Manomi ya ga tsiro ya yi yaushi, ya ƙara ruwa, ita kuma ta ƙara samun abin da take so.

Ƙasar da ta yi kore alama ce ta cewa laima ta yi yawa, kuma a irin wannan ƙasa ce cutar ruɓewar gindin tsiro ke kamawa: da yamma tsiro na tsaye, da safe a tarar ya kwanta, gindinsa ya sirance ya yi baƙi. Ba gansakukar ce ke kawo cutar ba, amma gidansu ɗaya. Akwai kuma wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje da ke yin ƙwai a cikinta. Tsutsar wasunsu na cin ƙananan saiwoyi, kuma suna ɗaukar ƙwayar cutar daga wannan leda zuwa waccan.

A tsarin ɗigo-ɗigo, toshewa daga ƙarshen layi take farawa. Shukar da ke kusa da tanki ta yi kyau, ta nesa ta tsumbure, manomi ya ɗora laifi a kan iri ko taki. Kafin a gane, an yi asarar wani ɓangare na fangali. Injin da bakinsa ya cushe kuma yana shan mai ba tare da ya ba da ruwan kirki ba.

Ga lafiyar mutane, santsin bakin basan da na rijiya yana kayar da mutum, kuma yara ne suka fi shiga wannan haɗari. Ƴaƴan sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro suna samun abinci da maɓoya a cikin gansakuka mai zare. A tafkuna kuwa, ita ce abincin ƙananan katantanwar da ke ɗauke da cutar tsargiya.

Tsare basan da tanki

Babu maganin da ya kai hana ta haske. Gansakuka da hasken rana take haɗa abincinta, idan ta rasa shi ba ta yaɗuwa. A yi wa basan murfi da baƙin tampol, ko kwano, ko zana mai kauri da aka ɗora a kan sanduna. Idan zana ce, a lura kada ta riƙa taɓa ruwan, domin ciyawar da ta ruɓe abinci ce gare ta. Murfin yana da ƙarin riba biyu: yana hana sauro yin ƙwai, yana kuma rage ƙafewar ruwa, wanda da bazara kan kai kusan santimita ɗaya a rana. A yankin Almeriya na ƙasar Sifaniya, inda ɗakunan leda suka rufe fiye da eka dubu 30 ta ma'aunin hekta, wannan dabara ta rufe matattarar ruwa sananniya ce.

Farin tankin roba da haske ke ratsawa shi ya fi saurin yin kore. A shafa masa baƙin fenti, sa'an nan a bi da fari a sama don kada ruwan ya yi zafi. Tiyo ma baƙi ya fi wanda ake hango ruwa ta cikinsa, kuma babban layi gara a binne shi.

Kada a tara ruwan da ya wuce bukatar kwana ɗaya ko biyu. Duk mako biyu zuwa uku a zubar da ragowar, a kankare bango da buroshi ko tsohuwar tsintsiya, a bar basan ya sha rana wuni guda. Mai gina sabon basan ya sa magini ya yi masa gangare da mafita a ƙasa, ya kuma goge simintin ya yi sumul, domin a cikin kaushi take kafa gindi. Taki kuwa a jiƙa shi a wata ganga dabam, ba cikin basan ba. Tarin kashin dabbobi da turken awaki su yi nesa da rijiya, a gefen da ruwan sama ba zai gangaro da su ciki ba.

Tsare wurin reno da rumfa

A nan, hannun mai ban ruwa ne magani. A ba da ruwa da safe, a bari saman ƙasa ya sha iska kafin a ƙara. Hanya mai sauƙi ita ce a tura yatsa: idan ƙasa na da laima zuwa gaɓar farko, a dakata. Da damina a ɗaga fangalin reno kamar santimita 15 zuwa 20 don kada ruwa ya kwanta. Ƙasar reno ta kasance da rairayi da takin da ya ruɓe sarai, ba ɗanye ba. Kowace ledar dashe a huda ta a ƙasa da gefe.

Idan aka barbaɗa rairayi mai tsakuwa-tsakuwa kamar kaurin rabin santimita a saman leda, saman zai riƙa bushewa da wuri. Inda ɓawo ya riga ya yi, a kankare shi a hankali da tsinke ko ƙusa, a kwashe a fitar daga rumfar, a cike gurbin da sabon rairayi. Masu renon itatuwan da za a dasa da damina, har da na ranar 3 ga Agusta, da masu auren mangwaro da lemo, su ne suka fi bukatar wannan, domin ledarsu na yin watanni a wuri ɗaya.

Rumfa kada ta yi duhu da yawa, kada kuma a cushe ledoji. Idan ta raga ce ko ta leda, a ɗage gefe da rana iska ta ratsa. A gyara duk famfon da ke yoyo, a zuba tsakuwa a hanyoyin da ake bi. Bayan an kwashe dashe, a share wurin, a bar shi ya bushe ƙarau kafin a sake zuba iri.

Tsare tiyon ɗigo

Ba a haɗa tiyon ɗigo ba tare da matata ba. A wanke matatar kullum kafin a buɗe ruwa. Bakin da ruwa ke fita daga tanki ya ɗara ƙasan tankin da kamar tafin hannu, don kada ya zuƙi laka. Sau ɗaya a mako a kwance ƙarshen kowane layi, a bar ruwa ya gudu har sai ya fito garau. Mai tura taki ta cikin tiyo ya bi shi da ruwa zalla na ƴan mintoci, domin ragowar takin ce ke haifar da santsi a ciki.

Ruwan Javel: awo da ƙa'ida

Maganin da ya fi sauƙin samu a kasuwa shi ne ruwan Javel. A duba ƙarfinsa a jikin kwalba. Lissafin da ke tafe na mai digiri 8 ne, wato kusan giram 25 na kulorin a kowace lita. Idan mai digiri 12 ne, sai a rage kashi ɗaya cikin uku.

Don wanke kayan aiki, kamar farantan reno, da butoci, da bangon basan da aka zubar wa ruwa: mudu ɗaya na Javel, mudu huɗu na ruwa. A fara wanke laka da sabulu, domin datti na kashe ƙarfinsa. A jiƙa na minti 15 zuwa 30, a ɗauraye sosai, a shanya.

Don hana ta tsirowa a ruwan ban shuka: kusan miligiram 2 a lita. Wato babban cokali ɗaya, mililita 15, a ganga mai lita 200, ko cokali biyar a tanki mai lita 1000. Kada a wuce haka, musamman ga ƙananan tsirrai.

Don wanke tiyon da ya fara toshewa: ninki biyar na wancan, wato cokali biyar a ganga, ko mililita 400 a lita 1000. A cika layukan, a rufe na awa ɗaya, sa'an nan a buɗe ƙarshe a kora da ruwa zalla zuwa wajen fangali. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan girbi ko kafin dashe.

Ba a haɗa Javel da ure ko wani taki, ba a haɗa shi da ruwan batir ko wani abu mai tsami, domin yana tayar da hayaƙi mai guba. Ba a zuba shi a basan mai kifi. Zafi da rana na rage masa ƙarfi, don haka a ajiye shi a inuwa, inda yara ba sa kaiwa. A ruwa mai kanwa-kanwa ma aikinsa yana raguwa.

Akwai shuɗin garin nan na tagulla, sulfate de cuivre, wanda ke kashe gansakuka da sauri. Sai dai yana kashe kifi, yana cin kwano, yana taruwa a ƙasa, kuma tumaki ba sa jure tagulla ko kaɗan. Kada a taɓa shi sai da shawarar malamin gona. Maganin ciyawa da na ƙwari kuwa ba su da hurumi a cikin basan ko rijiya. Duk maganin gona da za a saya, a tabbata yana cikin jerin waɗanda kwamitin CSP na ƙungiyar CILSS ya amince da su.

Tafkuna da dabbobi

Haɗarin da ya fi girma yana tafkunan da ke janyewa da rani, inda ruwa ya ragu, ya yi ɗumi, kashin dabbobi ya yi yawa. Wasu siyanobakteriya suna fitar da gubar da ke lalata hanta, wasu kuma mai taɓa jijiyoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar mikrogiram 1 kacal a lita ga ɗaya daga cikin gubar, mikrosistin, a ruwan sha na yau da kullum. A 1996, a garin Karuwaru na ƙasar Brazil, masu ciwon ƙoda fiye da 50 sun rasu bayan an yi musu wankin jini da ruwa mai wannan guba. A 2020 kuma hukumomin Botswana sun danganta mutuwar giwaye fiye da 300 da gubar siyanobakteriya.

Ido ba ya bambance mai guba da marar guba, kuma tafasa ruwa ba ta kashe gubar. Saboda haka idan tafki ya yi kamar an zuba fenti, ko aka ga matattun kifi da tsuntsaye a bakinsa, a janye dabbobi zuwa rijiya, a hana yara wanka, kada a zuba ruwan a kan salati ko wani ganyen da ake ci ɗanye. Kada kuma a watsa magani a tafkin, domin idan suka mutu gaba ɗaya gubar da ke cikinsu fita take yi ta gauraye ruwan. Dabbar da ta sha ta fara rawar jiki, ko dalala, ko zawo, a gaggauta kiran likitan dabbobi. Kwamin shan ruwan dabbobi a bakin rijiya a riƙa kankare shi duk mako.

Ba duka ne abin ƙi ba

Mai zaren da aka kwashe daga basan taki ne. A shanya shi a zuba a ramin takin gargajiya. Mai kiwon karfasa yana son ruwansa ya yi kore kaɗan, domin abincin kifin ke nan, muddin hannun da aka tsoma zuwa gwiwa ana iya hango tafinsa. Baƙin ɓawon da ke rufe ƙasar saura a daji yana riƙe rairayi kada iska ta kwashe, wasu irinsa ma suna ƙara wa ƙasa azot. A yankin tafkin Cadi, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wani irin da ake kira spirulin, su shanya shi a yi miya da shi, kuma yana da sinadarin gina jiki mai yawa. Amma wannan iri ne sananne da ke fitowa a ruwan kanwa. Ba a kwaso kore daga kowane tafki a ci.

Aikin kowane lokaci

Daga Satumba zuwa Oktoba, kafin a zuba irin rani, a wanke basan da tanki, a gyara murfi, a kora tiyo. Da sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙasa ba ta saurin bushewa a ƙarƙashin rumfa, don haka a rage ruwan reno. Daga Maris zuwa Mayu a ƙara yawan wanke basan da matata, a sa ido kan tafkuna. Da damina a buɗe magudanai, a kwashe tiyon da ba a aiki da shi, a wanke, a naɗe, a ajiye a inuwa.

Mai neman ƙarin bayani yana iya tuntuɓar malamin gona na ƙaramar hukuma, ko ma'aikatar gona ta gunduma a Tibiri da Dogon Dutsi, ko majalisar manoma ta jahar Dosso da ke cikin haɗakar RECA. Idan za a je, a tafi da ɗan ruwan a kwalba mai murfi, da ledar dashe guda da ta kamu, da kuma kwalbar maganin da ake niyyar amfani da shi, don a duba awonsa.